Tambaya da Amsa: Tankin ruwan zafi na sola ya fara yoyo

Tambaya: Assalamu alaikum. Tankinmu mai lita 150 ya huje, bututun gilashinsa 15 lafiya lau. Mu shida ne a gida. In sayi mai lita 300? Daga wani magidanci a Garwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka saya tukuna. Yawan bututun ne ke yanke girman tanki: irin mai kaurin milimita 58, kowanne yana ɗumama kamar lita 10. Tankin lita 300 ramuka 30 gare shi, da bututu 15 ba zai ma ɗauru ba. Ko an toshe sauran, ruwa mai ɗumi-ɗumi za ka samu da hunturu, lokacin da ƙura ke rufe gilashi kuma aka fi bukatar ruwan zafi.

A lissafa lita 30 zuwa 40 ga mutum ɗaya, ke nan lita 200 ta ishe ku. Sai ka ƙara bututu 5 da sabuwar ƙafar da ake ɗora tanki da bututu a kai. A duba ƙarfin rufin ɗakin ma, don ruwan kaɗai kilo 200 ne.

Ka canja zobban roba duka, waɗanda ke hana yoyo inda bututu ke shiga tanki. Kuma kada a cika tanki da tsakar rana, ruwan sanyi na fasa gilashi mai zafi.