Bi-ni-da-zugu ko ci-ni-da-zugu? Amsoshinku kan sunan icce da man da ke cikin ƴaƴansa

Saƙonnin wannan mako sun haɗu a gindin icce guda, don haka na tara su wuri ɗaya.

Daga Tawa: "Allah shi gafarta Malam, gardama ta kaure a fadarmu. Ni na ce bini da zugu ake cewa, abokina ya ce cini da zugu. Wa ke da gaskiya? Kuma mene ne zugun? Wani cikinmu ya ce daga zuga ne."

Ɗan'uwa, ku sha shayinku lafiya, kai da abokinka babu wanda ya faɗi. Duka biyun Hausa ne, kuma ba yau aka fara faɗinsu ba. Likitan nan ɗan Birtaniya, J. M. Dalziel, da ya tattara sunayen itatuwa da tsirrai na Hausa a 1916, ya rubuta su tare a matsayin sunan icce ɗaya, wanda masana ke kira Jatropha curcas. Na ukunku ne ya kauce hanya. Zuga aikin maƙeri ne da zugazugansa, daga can muka samu zuga mutum ya yi faɗa. Zugu kuwa tufa ne, farin saƙi na hannu wanda masaƙa ke fitarwa siriri mai tsawo, a naɗe shi. Kafin yadin kanti ya cika kasuwa, da irin wannan fari ake yi wa mamaci sutura.

Da ka gane zugu, sunan ya buɗe. Iccen ne ke magana da bakinsa. "Ci ni da zugu", wato in za ka ci ni, likkafaninka ya kasance kusa. "Bi ni da zugu", in za ka biyo ni, taho da shi a hannu. A kunnena "ci ni" ya fi kama wurin, domin ta baki haɗarin ke shiga. "Bi ni" ya fi faɗi, don ya haɗa har da wanda ya bi shi neman magani bai san awo ba.

Wannan ɗabi'ar Hausa ce mai daɗi, a ɗauki jimla sukutum a mai da ta suna. Tangaran muka ce faɗi-ka-mutu. Ƙurajen fuskar samari, bar-ni-da-mugu. Fitilar mai, a-ci-balbal. Cikin tsirrai akwai ka-fi-malam, akwai sha-ni-ka-san-ni, akwai cika-gida, wato zurma. Irin waɗannan sunaye karin magana ne a dunƙule, sun ɗauke wa mai faɗinsu dogon bayani. Shi ya sa nake roƙon masu rubutu su riƙa sa karan ɗori: bi-ni-da-zugu, ci-ni-da-zugu. In aka haɗe aka rubuta "cinidazugu", yaron da ke tasowa zai ɗauka baƙuwar kalma ce, gargaɗin da ke ciki ya wuce shi.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne iccen kansa baƙo ne. Asalinsa Meziko da ƙasashen tsakiyar nahiyar Amurka. Jiragen ruwan Turawan Fotugal ne suka kai shi tsibiran Kap Bar da gaɓar Gine Bisau, daga nan ya bazu cikin Afirka da Asiya. Ke nan ayari ɗaya suke da masara, rogo, gujiya da taba, duk bayan shekara ta 1500 suka iso mana. Wasu baƙin sun shigo da sunansu, kamar taba. Masara an laƙaba mata sunan Masar. Shi kuwa wannan, kakanninmu sai da suka zauna da shi, suka ga abin da yake yi wa cikin mutum, sannan suka raɗa masa suna. Linnaeus, masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, da ya rubuta sunan Jatropha a 1753, kalmomin Girkanci biyu aka haɗa, ɗaya likita, ɗaya abinci. Can an dubi maganin, nan an dubi dafin, kuma duka biyun suna jikinsa.

Daga wata malamar lakkol a Yamai: "Malam, akwai shi jere a bayan ajinmu. Ashe da gaske yana kisa, ko tsoratarwa ce irin ta manya? Ni dai na san kakata tana ɗiga ruwansa a kan yanka."

Malama, tambayarki ta fi ta masu gardama nauyi. Ki duba iccen da kyau in kin koma. Ɗansa kore ne, ya nuna ya yi rawaya, ya bushe ya yi baƙi ya tsage. Ciki yawanci ƙwaya uku ce baƙaƙe, kowace ta kai tsawon gaɓar yatsa. In aka ɓare ɓawon, fari ne fat mai maiƙo, kuma ba shi da ɗacin da zai sa yaro ya tofar. Nan matsalar take. Yaro ya ɗauka gujiya ce ya tsinta, ya ci, ya raba wa abokai. Cikin rabin awa zuwa ƴan awoyi sai amai, zawo da murɗar ciki. Ƙwaya kaɗan sun isa.

Masana sun gano dafi iri biyu a cikin ƙwayar. Ɗaya ana kiransa kursin, dangin dafin ƴaƴan zurma ne, wuta tana karya shi. Ɗayan, wanda ake kira fobol, yana cikin man kansa, kuma suya ba ta kashe shi. Saboda haka maganar da ake yi cewa in an gasa ya zama lafiya, ki ƙaryata ta duk inda kika ji. Akwai wani iri a Meziko da ba shi da wannan dafi, mutanen can suna gasawa su ci, amma ba shi ne a bayan ajinki ba.

Mafi yawan yaran da suka ci suna warkewa in an kai su likita da wuri. Abin tsoro shi ne ruwan jiki ya ƙare, musamman ga ƙaramin yaro cikin zafin Yamai. Kada a tura masa yatsa a maƙogwaro, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. A riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan, a tafi da shi, a riƙe ɗan iccen a nuna wa ma'aikatan lafiya. Da ni ne ke, zan tsinke ƴaƴan tun suna kore, kuma zan tsaya gaban aji in warware wa yara sunan kalma-kalma. Yaron da ya san mene ne zugu ba zai manta ba.

Kakarki kuma ba ta yi kuskure ba wajen lura. In aka karya reshe, wani ruwa ne ke fita mai yauƙi, yana kama jini a ƙaramin yanka, kuma in ya taɓa farar riga ya bar tabo ruwan ƙasa wanda wanki ba ya fitarwa. Yara na busa shi ya yi kumfa. A dai kiyaye ido da shi, kuma miki mai zurfi na likita ne. Abin da ba na goyon baya ko kaɗan shi ne haɗiyar ƙwayar don wankin ciki, domin tsakanin abin da zai wanke da abin da zai kwantar da mutum babu tazara. Akwai kuma ƙanensa mai jan ganye da gashi mai danƙo, gajere, da ke fitowa a juji da kangaye. Shi ma ba na ci ba ne.

Daga wani mai garka kusa da Tawa: "Mene ne bambancin shinge, danga da darni? An ce in kewaye garkata da wannan icce."

Danga da darni na kara ne, a kafa dirka a ɗaure karan dawa ko na hatsi, bambancinsu na yanki ne kawai. Shinge ya fi su faɗi, ko na ƙaya ne, ko na icce mai rai da aka dasa jere. Hanyar da aka bari tsakanin shinge biyu don shanu su wuce ita ce burtali. Bi-ni-da-zugu ya yi suna a wannan aiki don dabba ba ta cin ganyensa, ko akuya sai ta sunsuna ta wuce. A yanki reshe a kafa gab da damina, ya kama. Sai dai na reshe ba ya yin doguwar saiwa mai nitsewa irin ta wanda aka shuka daga ƙwaya, don haka bai kai shi jure fari ba. A ƙasarku ta Adar, inda ruwa bai kai garkar ba, aguwa ta fi shi haƙuri, kuma dangi ɗaya suke, su da rogo da zurma.

Daga wani saurayi a Yamai: "Malam, na karanta cewa ana yin man mota da ƴaƴansa, kuma yana fita ko a fako ba ruwa ba taki. Na ce wa kawuna ya ba ni gonarsa ta tudu in cika ta da shi. Ya ce kallon kitse nake yi wa rogo, ya ƙara da cewa banza ba ta kai zomo kasuwa. Me yake nufi?"

Yaro, kawunka ya ba ka karin magana biyu, kowane ya zauna daram. Ɓararren rogo fari ne sol, daga nesa sai ka rantse kitse ne, sai ka kai baki ka ji gari. Ana faɗin haka ga wanda ya hango abu ya ba shi darajar da ba tasa ba. Na biyun kuma, zomo ba ya zuwa kasuwa da ƙafarsa, sai wani ya sha gudu da rana ya kamo shi. Wato duk abin da aka ce maka zai kawo kuɗi ba wahala, ka sake tambaya.

Man dai gaskiya ne. Wajen kashi ɗaya cikin uku na nauyin ƙwayar mai ne, kuma da injin matsa na ƙauye, kilo 4 ko 5 kan ba da lita guda. Yana ci a fitila, yana yin sabuni fari mai kyau. Tun ƙarni na 19 tsibiran Kap Bar ke aika ƴaƴan zuwa Lisbon ta Fotugal da Marsai ta Faransa ana sabuni da su. In an tace shi yana tada injin niƙa ko na ban-ruwa mai aiki da gazuwal, in an sarrafa shi kuma ya shiga mota. A ƙarshen Disambar 2008 wani jirgin saman kamfanin Air New Zealand ya yi tashin gwaji, ɗaya daga cikin injinansa huɗu yana shan rabi wannan mai rabi man jirgi. Maƙwabtanmu na Mali, da ke kiransa bagani, sun daɗe suna aiki da shi tun shekarun 1980, har suka kafa hukumar makamashin tsirrai a 2009.

Inda aka yi kallon kitsen shi ne wajen cewa ba ya son ruwa. Wajen 2007 da 2008, da man fetur ya yi tsada, kamfanoni suka yi rububin ƙasa a Indiya, Tanzaniya, Mozambik da Gana, aka dasa dubban hekta. Ƴan shekaru kaɗan mafi yawansu suka watse. Dalilin a fili yake. Rayuwa daban, haihuwa daban. Iccen zai tsaya a fako, ya kaɗe ganye da rani, ya jira damina, amma ba zai ba ka ƴaƴan kirki ba. Yana son ruwan da ya haura milimita 600 a shekara, ya fi jin daɗi daga 1,000 zuwa 1,500. Tawa ba ta cika wuce 400 ba, Yamai tana tsakanin 500 da 600, sai ka gangara Gaya ka samu wajen 800. Ga shi ƴaƴan ba sa nuna lokaci ɗaya, a reshe guda ka ga kore, ka ga rawaya, ka ga baƙi, dole hannu ya bi su ɗaya-ɗaya, a yi ta komawa. Sai iccen ya shekara 4 ko 5 kafin ya kai ƙarfinsa, kuma duk tsawon lokacin gonar ba ta ba gidan kawunka damin hatsi ko ɗaya ba. Wannan shi ne ya fi damuna. Shukar da ba a ci, in kasuwarta ta faɗi, ba ta da rumbun da za ta shiga.

Tunkuzarsa ma ka lura da ita. Ta gujiya tana zama ƙuli-ƙuli, tana ƙiba tumaki. Ta wannan dafin na nan ciki, ba a ba dabba, sai dai a zuba a gona, kuma taki ne mai ƙarfi. Masu bincike a nan Nijar sun gwada man a kan ƙwarin da ke cin wake, ya kuwa rage su.

Ka koma wurin kawunka da wata magana. Ka ce ya bar hatsinsa da wakensa inda suke, ya ba ka iyakar gonar kaɗai, ɓangaren da ruwa ke kwanciya. Ka dasa shi shinge, ya tare dabbobi, ya rage zaizayar ƙasa. In ya fara ƴaƴa ka tara, ka nemi matan da ke yin sabuni ku yi ciniki, ka ga nawa mudu zai kawo maka kafin ka yi maganar injin matsa. Buhun kuma a ajiye shi sama, inda hannun ƙannenka ba ya kaiwa.