Jan shafi ya ce bairos ya kama kwamfutata, in biya?

Tambaya: Malam, ina cikin neman bayanan furojet sai wani jan shafi ya rufe min allo yana ƙara, wai an gano bairos a laftof ɗina, in sauke anti-bairos ɗinsu in biya da katin ATM. Gaskiya ne? — Wani ɗalibi daga Samaru

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka biya ko sisi. Shafin intanet ba shi da ikon shiga ya binciki fayilolinka. Layin nan da ka ga yana tafiya kamar ana bincike zane ne kawai, haka yake nuna wa duk wanda ya faɗa shafin, ko da yau ya ɓare kwamfutarsa daga kwali. So suke ka firgita ka danna, kuma abin da za ka sauke shi ne ainihin cutar.

Ko maɓallin X da ke cikin shafin kada ka taɓa. Danna Ctrl, Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, wato jerin manhajojin da ke aiki, ka kashe Chrome, ko duk manhajar da ka shiga intanet da ita, daga nan. In ka sake buɗe shi ya tambaye ka ko a dawo da shafukan baya, ka ƙi. Wasu sukan saka lambar waya wai ta Microsoft. Kamfanin ba ya saka lamba a saƙon gargaɗi. In ka kira, AnyDesk, manhajar sarrafa kwamfuta daga nesa, za su sa ka sauke, daga nan linzaminka ya koma hannunsu.

Windows 10 da 11 suna zuwa da anti-bairos mai suna Microsoft Defender kyauta, kuma ya ishi mafi yawanmu. Sai dai tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina tallafin Windows 10 na yau da kullum. In na'urarka za ta ɗauki 11, ka koma.

Tambaya: Na kai filas shagon firintin a unguwar Kongo, da na dawo duk foldodina sun zama shotkot. — Wata malama daga Tudun Wada

Amsa: Malama, kwantar da hankalinki, galibi ɓoye fayilolin aka yi, suna nan. Kada ki buɗe shotkot ko ɗaya, ta nan cutar ke tsallakawa kwamfutarki. Ki sa Defender ya binciki filas ɗin, sannan ki kunna nuna ɓoyayyun fayiloli, har da na sistem, ki kwashe naki ki yi wa filas ɗin fomat, wato ki goge komai da ke cikinsa. Nan gaba ki tura wa mai shagon takardar ta WhatsApp ko imel, a PDF.