Shafin da na buɗe a zamanin sibar, ko zai dawo?

Tambaya: Malam, barka da aiki. A shekarun da muke zuwa sibar muna biyan kuɗin awa, na buɗe shafi a Skyblog, na zuba hotunan ƴan ajinmu da na hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Damagaram. Yanzu adireshin ba ya buɗewa. Akwai dabara? Daga wani mai karatu a unguwar Birni.

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Skyblog, wanda gidan rediyon Skyrock na Faransa ya buɗe a 2002, an rufe shi a watan Agusta na 2023, don haka babu kalmar sirrin da za ta sake shigar da kai. Babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa ya kwashi shafukan ya adana, amma sai mutum ya je ɗakunan bincikensu da ƙafarsa yake gani. Abin da ke hannunka daga nan Zinder shi ne Wayback Machine, rumbun da ƙungiyar Internet Archive take tara kwafin shafuka a ciki tun 1996, kuma kyauta ne.

Ka shiga web.archive.org, ka rubuta adireshin daidai yadda yake a da: sunan da ka zaɓa, ɗigo, sannan skyrock.com. Idan shafin tsoho ne sosai, ka gwada da skyblog.com. Harafi ɗaya ya kuskure, ba za ka ga komai ba, don haka ka nemi adireshin a tsofaffin wasiƙu ko wurin abokai. Jerin shekaru zai fito a sama, kalanda a ƙasa, da ɗigo masu launi a kan ranakun da aka ɗauki kwafi. Shuɗi kake nema. Kore yana nufin an tura mai ziyara wani adireshin, ruwan lemo da ja kuwa alamar kuskure ce a ranar. Ka fara da shekarar da shafin yake da rai, kada ka fara da ta ƙarshe, domin kwafin ƙarshe sau da yawa sanarwar rufewa ce kawai.

Rubutu ya fi hoto tsira, kuma a nan mutane suke karaya. Hotunan suna zaune a wata uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke ajiye kayan shafi, dabam da ta rubutun, na'urar da ke kwashe shafuka kuma ba kullum take bin su can ba. Idan ka ga gurbin hoto fanko, ka gwada kwafin wata rana. Ka kuma rubuta web.archive.org/web/*/ sai adireshinka, ka ƙare da /* domin ganin duk abin da aka adana a ƙarƙashinsa. Duk abin da sai da kalmar sirri ake gani, kamar saƙon da ke tsakaninka da aboki, ba ya cikin rumbun. Abin da ka samu, ka ajiye shi nan take: a Chrome ka taɓa ɗigo uku, ka zaɓi rabawa, sai bugawa, ka adana a matsayin PDF. Hoto kuma ka danne shi ka sauke daban.

Tambaya: Muna da rukunin tsofaffin ɗalibai a Yahoo Groups, muna kuma hira a Yahoo Messenger. Ina kewar hirarrakin nan ƙwarai.

Amsa: Hajiya, Messenger ya rufe a Yulin 2018, wa'adin da aka bayar na sauke hira kuma ya daɗe da wucewa. Rukunin ya fi sa rai. An rufe Yahoo Groups a Disamban 2020, amma saƙonninsa wasiƙu ne da suke shiga akwatin kowane mamba. Ki buɗe imel ɗinki ki nemi yahoogroupes.fr ko yahoogroups.com. In akwatinki ya shekara ba a shiga ba, mai yiwuwa an share abin da ke ciki, sai ki tambayi mamban da bai taɓa barin nasa ba. Mutum ɗaya ya isa ya tura wa kowa.

Tambaya: Hotunan da abokaina na manhajar hira ta 2go suka turo mini suna cikin tsohuwar Nokia, ta ƙi kamawa.

Amsa: Kafin a taɓa wayar, ka zare katin memori. Ka goge haƙoransa na zinariya a hankali da busasshen ƙyalle, ka sa shi a na'urar karanta kati, ka jona da kwamfuta. Idan ta ce sai an wanke katin, wato a yi masa format, ka ƙi, domin wankewa tana rusa jerin da ke nuna inda kowane hoto yake. Manhajar PhotoRec, wadda take kyauta, tana iya tono hotunan, da sharaɗin ka sauke su a kwamfuta, kada ka mayar da su kan katin. Bidiyo na 3gp da murya ta amr, manhajar VLC tana buɗe su. In hotunan a cikin wayar suke, ka duba batir: wanda ya kumbura kada a sa masa caji, ka nemi irinsa wurin masu gyaran waya a kasuwar Dole, lambarsa tana rubuce a jikinsa. In ta kama, ka tura hotunan zuwa wata wayar ta Bluetooth.