Teku, Gaɓa da Kurmi: Amsa ga Masu Karatu

Wata malamar firamare daga Gombe ta rubuto cewa ta kai ziyara Badagiri, garin nan na bakin teku da ke yamma da Legas, dab da iyakar Jamhuriyar Benin. Ta ce garin shiru ba hayaniya, ga bishiyoyin kwakwa, ga rairayi iya ganinka. Da ta zo ba ɗalibanta labari sai ta tsaya: gaɓar teku za ta ce ko bakin teku? Kuma itatuwan da ta gani cunkushe a gefen ruwa, daji ne ko kurmi?

Malama, sannu da hanya. Duka biyun Hausa ne, amma ba abu ɗaya suke nunawa ba. Gaɓa, da jan wasalin farko, ita ce gefen kogi mai tudu, inda ruwa ya zaftare ƙasa, irin wadda kike gani a kogin Gongola idan rani ya yi. Kada a haɗa ta da gaɓa ta jiki, mai jam'in gaɓoɓi. Baki kuwa gefen kowane abu ne: bakin rijiya, bakin hanya, bakin kasuwa. To wurin da kika taka a Gberefu, tsibirin da ke daura da Badagiri, bayan kin haye ruwa a kwalekwale, shimfiɗaɗɗe ne, ruwa na zuwa yana komawa a kansa. Ni bakin teku zan ce. Abin da ke ƙasan ƙafarki kuma rairayi ne, mai laushi. Yashi shi ne mai tsakuwa-tsakuwa da magina ke ɗiba.

Ita kanta kalmar teku, wasu masana na ganin daga Yarbanci ta shigo, daga "eti okun", wato gefen teku. Hakan ya kwanta mini, don fatakenmu masu bin kudu sun ga ruwan a ƙasar Yarbawa. Ta Larabci kuma muka sami bahar, kamar a Bahar Maliya.

Batun daji da kurmi, je ki Yankari ki gani. Yawancinta daji ne: ciyawa, itatuwa jefi-jefi, kana hango nesa. Amma gefen kogin Gaji itatuwa sun haɗa kai, inuwa ta rufe, ƙasa da danshi. Wannan shi ne kurmi. Shi ya sa kakanninmu ke kiran ƙasar kudu Kurmi. Abin da kika gani a gefen ruwan Badagiri, itatuwa masu saiwa a cikin taɓo, kurmi ne ba tantama.

Wani ɗalibi daga Azare kuma ya tambayi ma'anar "iya ruwa fid da kai", yana cewa abokansa sun faɗa masa da ya ce zai yi iyo a teku. Ɗana, ma'anarta ita ce gwaninta ba ta da amfani sai ta kuɓutar da mai ita. Akan faɗa wa mai cika baki, ko mai shirin ceton wani alhali bai ceci kansa ba. A nan kuwa abokanka ba habaici suka yi ba. Iyo a madatsar Dadin Kowa daban, Tekun Atilantika daban, don igiyar ruwa idan ta bugi baki tana komawa da ƙarfi, ta ja mutum ciki. Ka tambayi masuntan wurin inda ake shiga kafin ka tuɓe riga.