Dillali ya ce motar C63 ajiya ce: in cire kuɗin daga shago?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da shadda da atamfa a Kantin Kwari, kuma bana Allah ya buɗa. Tun ina yaron shago nake sha'awar motar gudu. Wani dillali ya nuna mini guda biyu: Mercedes C63 AMG ƙirar 2010 wadda aka hau a Abuja, da Ford Mustang ƙirar 2016 da ta sauka daga Amurka kwanan nan. Kowacce za ta ci kusan miliyan 40, kuma rabin kuɗin daga jarin shago zan cire. Dillalin ya ce kada in damu, mota yanzu ajiya ce, kullum tashi take yi. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara buɗi. Kafin mu je ga wacce, bari in tsaya kan maganar dillali, domin a kanta kake shirin taɓa jari.

Gaskiya ne wanda ya sayi mota a 2022 ya sayar a 2024 ya karɓi naira fiye da wadda ya biya. Amma ba motar ce ta tashi ba, naira ce ta faɗi. Kafin gwamnati ta saki farashin canji a watan Yunin 2023, dala tana wajen naira 460 a banki da kusan 750 a bayan fage. A cikin 2024 ta haura 1,500. Duk abin da ake shigowa da shi da dala ya bi ta sama, har da dilolin shaddar da ke shagonka. Bambancin shi ne dila tana fita ta dawo da riba, a sake sarowa ta sake fita, mota kuwa tana zaune tana tsufa, tana neman mai da taya. Mu ƙaddara miliyan 20 ɗin da za ka cire tana juyawa sau uku a shekara, kowane juyi da ribar kashi 8 cikin ɗari. Miliyan 4 da dubu 800 ke nan da za ka rasa duk shekara, tun ba ka tada inji ba. Ka sa naka lissafin na gaskiya a gurbin nawa, ka fi ni sanin littafinka.

Sannan ajiya sunanta ajiya ne idan ranar buƙata za ta koma kuɗi da wuri. Ka kai Corolla ko Camry wurin masu sayar da motoci da safe, da wuya ka kwana ba a taya ba. Masu neman mota mai kujeru matsattsu da inji mai shan mai kamar rijiya ba su da yawa a Kano, kuma sun san ba su da yawa. Ranar da kwantena ta iso Legas kana neman kuɗin fito, su za su yanka maka farashi.

Ban ce kada ka saya ba. Mutum ya yi wahala ya samu, halal ne ya more. Abin da nake cewa shi ne ta fito daga ribar da ka riga ka ware wa kanka, ba daga uwar kuɗi ba, kuma ka rubuta ta a matsayin kashewa. In abin da ka ware miliyan 20 ne, to motar miliyan 16 ko 17 kake nema, ragowar na gyaran farko ne, ko kuma ka jira wata kakar ciniki.

To, motocin. C63 ta wancan zamani tana da inji mai silinda 8, lita 6.2, wanda AMG, sashen motocin gudu na Mercedes, ke kira M156, mai ƙarfin doki kusan 450. Inji ne mai daɗin ji, amma an san shi da lalura: a waɗanda aka ƙera kafin wajen 2011, ƙusoshin da ke ɗaure kan inji suna iya tsinkewa, ruwan lagireto ya shiga silinda. Mercedes ta canza ƙusoshin daga baya. Taka ta 2010 ce, don haka tambayar farko ita ce ko an canza su, kuma a nuna maka rasit, ba rantsuwa ba. A cikin gari da ƙyar lita ɗaya ta kai ka kilomita 6, kuma ka san abin da fetur ya zama tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Tana kuma son mai mai ingancin da ya fi wanda yawancin gidajen manmu ke sayarwa. Juyen baƙin mai kaɗai ya haura lita 8 na mai tsada. Tayoyin baya sun fi na gaba faɗi, ba a musanya su, kuma su ne ke fara cinyewa.

Mustang ta fi sauƙin hali. Injinta ya fi jure man da muke da shi, kayanta sun fi araha, kuma ta fi ƙuruciya da shekara shida. Sai dai ka tambayi wane inji ne a ciki, domin a ƙirar 2016 waɗanda aka fi samu iri uku ne: mai silinda 4 da turbo, mai silinda 6, da GT mai silinda 8 lita 5. Jikinsu kusan ɗaya ne, kuɗinsu ba ɗaya ba, kuma manna tambarin GT a bayan mota aikin minti biyar ne.

Damuwata da Mustang ɗin ita ce inda ta fito. Motoci da yawa da ke zuwa mana daga Amurka an saye su ne a gwanjon Copart ko IAA, inda kamfanonin inshora ke zubar da waɗanda suka yi haɗari ko ambaliya ta shanye. Motar gudu kuwa ba kasafai dattijo ke tuƙa ta zuwa kasuwa ba. Ka karɓi lambar shasi, haruffa da lambobi 17 ne, ka duba ta jikin gilashin gaba ta yi daidai da ta bakin ƙofa da ta takarda. Ka biya a ciro maka rahoton tarihin motar daga Carfax ko AutoCheck, sannan ka rubuta lambar a Google, sau da yawa hotunan motar a filin gwanjo suna fitowa yadda take kafin mai fenti ya taɓa ta. Wadda aka buga ta gefe aka gyara da kyau ana iya saye in farashin ya nuna hakan. Wadda ruwa ya shiga kuwa, ko kyauta ce ka gode ka wuce: wayoyinta za su riƙa ruɓewa ɗaya bayan ɗaya, yau gilashi, gobe giya.

Takardun kwastam ka kai su ofishin kwastam da kanka a tantance, musamman na C63 da ta canza hannu. A Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma wadda aka yi fasa-ƙwaurinta ana iya kama ta a hanya ko a hannun mai ita na uku take.

Nemi bakanike kafin ka nemi mota. Ba wanda dillali zai kawo ba. Naka, mai na'urar da ke karanta ƙwaƙwalwar irin wannan motar. A tada ta da sassafe inji na sanyi, a ɗaga ta sama a duba ƙarƙashi, a tuƙa ta har ta yi zafi cikin cunkoso. Ka kuma aika yaro Kofar Ruwa ya tambayi farashin fitilar gaba, faifan birki da shokozoba na kowacce. Abin da aka ce sai an aiko daga kasuwar Ladipo ta Legas ko Dubai, ka lissafa makonnin da motar za ta yi a rufe da tamfol. Su biyun duka cikinsu a ƙasa yake, don haka ka bi da ita ta layin gidanku, da tudun rage gudu da kwatar ƙofar gida, kafin ka biya.

In dole sai ɗaya daga cikin biyun, ni Mustang zan ɗauka, da sharaɗin tarihinta ya fito fes. Ka ƙara kuɗin inshora a lissafi: ta dole naira 15,000 ce tun Janairun 2023, amma ba ta biyan ɓarnar motarka, sai ta wanda ka buga. Cikakkiya kuwa ba ta gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar mota a shekara, wato miliyan 2 a kan miliyan 40, kuma akwai kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, in ka fi natsuwa da su. La'adar dillali a yanke ta tun farko a gaban shaidu, kuɗin kuma ka tura ta banki zuwa asusun mai sunan da ke kan takardun motar.