Zan je taro Oxford, ina zan sauka?

Tambaya: Assalamu alaikum. An karɓi takardata a wani taron masana tarihi da za a yi a Oxford cikin watan Yuli, kuma ban taɓa taka Ingila ba. Otal zan kama, ko ɗakin kwalejin da masu shirya taron suka tanada? Sannan laifi ne in tsallake wani zama in ga gari?
Daga wata malamar jami'a

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama, Allah ya sanya alheri. Ki karɓi ɗakin kwalejin. Na ɗalibai ne da suka tafi hutu, ɗan ƙarami, wani ma banɗakin haɗaka ne, kuma a tsofaffin gine-ginen da ƙafa za ki hau da akwatinki. Duk da haka shi na zaɓa miki. Oxford ba ta da ƙofa guda da za a ce ga jami'a. Kwalejoji ne sama da 30 warwatse cikin gari, kowace da ƙofarta da masu tsaronta. In kika kwana ciki, da safe za ki karya kumallo a dogon teburin babban zaure, wataƙila kusa da farfesan da kika yi ta ambato a takardarki. Ni dai a irin wannan teburin na fi samun abokan aiki, ba a zauren jawabi ba.

Batun tsallake zama kuwa, yammaci ɗaya ba laifi, amma ban da ranar takardarki. Ki nufi ɗakin karatu na Bodleian, wanda aka buɗe a 1602. Ba ya ba da aron littafi. Ko Sarki Charles na Ɗaya da ya nema a 1645 hana shi aka yi. Zagayen ciki na kuɗi ne, ki kama gurbi tun da wuri. Gidan tarihi na Ashmolean, wanda aka kafa a 1683, shigarsa kyauta, sai dai ƙarfe 5 ake rufewa. Yawon titi ki bar shi sai an tashi taro, don a Yuli rana kan kai wajen ƙarfe 9 ba ta faɗi ba.

Abincin halal da masallaci suna wajen titin Cowley. Daga filin jirgin Heathrow akwai bas kai tsaye, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi, ba sai kin shiga Landan ba. Takardar gayyata kuma ki nema yau, saboda biza.