Tambayi Likita: Hawan Dutse da Doguwar Tafiyar Ƙafa, Wacce Jikinka Zai Ɗauka?

Assalamu alaikum. Tun da ruwa ya ɗauke, kusan kowane mako sai na ga sanarwa a WhatsApp ko Facebook cewa ranar Asabar za a haɗu da sassafe a hau duwatsun Shere da ke kusa da Jos, ko a je Riyom, ko a gangara Assop, kuɗin mota da na ɗan jagora kaza. Abin yana faranta mini rai, domin da yawa daga cikin waɗanda nake dubawa a asibiti zama ne ya cinye su, daga bencin shago sai kujerar mota. Tambayoyin wannan makon duk a kan haka suke. Akwai guda ɗaya da ta tayar mini da hankali, ita zan fi daɗewa a kai.

Likita, zan iya hawa da takalmin da nake zuwa makaranta? Silifas ne mai kyau. (Ɗaliba, Rikkos)

A'a, 'yata. Ki nemi kambas mai gargasa a ƙasa, wanda ƙafarki ta riga ta saba da shi, da safa mai kauri. Sabon takalmi ranar tafiya bororo yake kawowa. Ki sa wando a ciki, hijabin kuma ya zama wanda ba zai riƙa shiga ƙarƙashin ƙafarki ba.

Masu shirya tafiyar sun ce akwai mai sauƙi, akwai matsakaiciya, akwai mai wuya. Yaya zan gane tawa? (Ma'aikaci, Kubuwa, Abuja)

Malam, sauƙin da saurayi ɗan shekara 22 yake nufi ba shi ne naka ba, don haka kada ka tsaya a kan sunan. Ka kira mai shiryawar ka tambaye shi kilomita nawa ne zuwa da dawowa, awa nawa suka ɗauka a fitar da ta wuce, kuma hawan ya kai mita nawa. Masu hawan dutse suna da lissafin da suka daɗe da shi: kowace kilomita 5 awa ɗaya, sannan a ƙara awa ɗaya a kan kowace mita 600 ta hawa. Wannan na mai ƙarfi ne wanda ba ya tsayawa, kai sai ka ƙara. Ka kuma tambaya ko akwai ɗan jagora a gaba da wani a baya, da abin da suke yi idan mutum ya gaza a tsakiya, da nisan wurin daga hanyar mota. Wanda ya amsa maka da "kada ka damu, kowa yana iyawa" ba shi da shiri, ka nemi wasu.

Sai ka auna kanka. Idan kana tafiyar awa ɗaya a shimfiɗaɗɗiyar hanya kana hira ba tare da numfashi ya yanke maka magana ba, kuma kana hawa bene hawa uku ba ka tsaya ba, mai sauƙi ta awa biyu ba za ta gagare ka ba. Idan ba ka kai nan ba, ka fara da minti 30 a unguwa kwana biyar a mako, wanda shi ne minti 150 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya take so babba ya samu, ka yi wata guda a haka. A Abuja kuma rana ce babbar matsala, ku fita bayan asuba, ku sauko kafin ta take.

Likita, shekaruna 54, ina da hawan jini tun shekara shida. Abokaina sun ce hawan dutse yana narkar da shi ta hanyar gumi, sai na ajiye maganin wata biyu ke nan. Sau biyu na bi su Shere. Idan muka fara hawa sai in ji ƙirjina ya yi nauyi kamar an ɗora mini buhu, har zuwa kafaɗar hagu, amma da na zauna minti biyar sai ya wuce. Wani ya ba ni tiramol ya ce zai ɗauke gajiyar. In sha kafin mu fita ranar Asabar? (Alhaji, Anguwar Rogo)

Alhaji, don girman Allah kada ka je ranar Asabar ɗin nan, kuma kada ka sha ƙwayar nan. Gobe da safe ka tafi asibiti. Na fara da wannan ne don ko ba ka karanta sauran ba, ka karanta shi.

Abin da ka kwatanta ba gajiya ba ce. Zuciya tsoka ce, tana da nata jijiyoyin da suke kai mata jini. Shekarun hawan jini, da kitse a cikin jini, da sukari ko taba idan akwai, suna tsuke waɗannan jijiyoyi a hankali. Kana zaune a shago, ɗan jinin da yake wucewa ya ishe ta, shi ya sa ba ka jin komai. Da ka kama hawa sai aikinta ya ninka, ta nemi ƙarin jini, hanya kuma ta ƙi. Nauyin buhun nan da kake ji kukan zuciya ne. Wucewar da yake yi idan ka zauna ita ce take ƙara tabbatar mini da zargina, domin haka wannan ciwo yake: ya zo da aiki, ya tafi da hutu. Sanyin safiyar Jos a hunturu ma yana ƙara tsuke jijiyoyi, sai ciwon ya fi saurin tasowa. Ranar da jijiyar ta toshe gaba ɗaya, zama ba zai kawar da shi ba, kuma za ka kasance a kan dutse, nesa da mota, cikin mutanen da ba su da abin da za su yi maka sai fifita.

Yanzu ka duba abin da tiramol zai yi a nan. Ba ya buɗe jijiya, ba ya ƙara wa zuciya jini. Jin ciwon kawai zai dusashe. Ciwon nan kuwa shi ne ya sa ka zauna har sau biyu, Allah ya sa ka dawo gida. Idan aka rufe masa baki za ka ci gaba da hawa alhali zuciyar tana shaƙewa. Ban da wannan, tiramol yana kawo jiri, yana iya jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya, ga shi da kama jiki har mutum ya kasa rabuwa da shi. Jiri a gefen dutse fa! Wallahi raina yana ɓaci idan na ji yadda ake miƙa wa juna wannan ƙwaya kamar goro. Haka ma haɗin da ake ƙullawa a leda a kemis da sunan maganin ciwon jiki: sau da yawa akwai diklofenak ko ibuprofen a ciki, waɗanda suke ƙara hawan jini, suke cin ciki, kuma suke taɓa ƙoda idan jiki ya rasa ruwa.

Maganar gumi kuma, ina roƙon duk mai hawan jini ya saurara. Gaskiya ne motsa jiki a kai a kai yana rage awon jini, kuma muna son ku yi. Amma raguwar kaɗan ce, tana taimaka wa magani ne, ba ta maye gurbinsa. Gumi ruwa ne da gishiri, hawan jini ba ya bin sa ya fita. Mugun halin wannan ciwo shi ne ba ya sanarwa: mutum yana jin garau alhali awonsa ya haura 180 a kan 110, kuma mai irin wannan awo ba ma barinsa ya yi aikin ƙarfi sai ya sauka. Na sha karɓar magidanta da shanyewar ɓarin jiki, idan na tambayi iyali sai a ce ai ya ji sauƙi ne ya daina shan maganin. Jin sauƙin nan aikin maganin ne.

Idan ka je asibiti, ka faɗa wa likita daidai yadda ka rubuto mini, har da batun kafaɗa da ajiye magani, kada ka ji nauyi. Za a auna jininka, a yi gwajin bugun zuciya na ECG, a duba sukari da kitse da ƙoda, wataƙila a tura ka wurin likitan zuciya. Asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo yana da su. Kafin nan, idan nauyin ƙirjin ya zo maka kana zaune, ko ya wuce minti 10 bai sake ka ba, ko ya haɗu da gumi mai sanyi, amai ko ƙarancin numfashi, a sa ka a mota a kai ka sashen gaggawa a lokacin, ko tsakar dare ne. Kada ka tuƙa da kanka, kada a jira gari ya waye.

Ban ce ka yi sallama da tafiya ba, Alhaji. Masu ciwon zuciya da yawa suna tafiyar ƙafa kullum bayan an daidaita su, likita ne zai faɗa maka iyakarka. Amma asibiti tukuna. Allah ya ba ka lafiya, kuma ina jiran ka rubuto mini abin da aka gani.

Ruwa nawa zan ɗauka? Kuma zan iya zuwa ina azumin nafila? (Matashi, Bukur)

Lita biyu aƙalla don tafiyar awa uku zuwa huɗu, kana kurɓa tun kafin ƙishi ya kama ka. Iskar hunturu tana busar da jiki ko ba ka ga gumi ba. Azumin kuma ka ɗaga shi zuwa wata rana, ko ka ɗaga tafiyar.

Ina da ciwon sukari, ina allurar insulin. An hana ni ne? (Malama, Tudun Wada)

Ba a hana ki ba, Malama, tafiya ma magani ce a gare ki. Haɗarin shi ne sukari ya faɗi. Ki karya kumallo, ki auna kafin fita, ki tafi da na'urar awon, ki sa dabino ko alewa a aljihun da hannunki zai kai, ba a ƙasan jaka ba. Idan kika ji rawar jiki, gumi, yunwa mai tsanani ko gani ya dushe, ko awo ya sauka ƙasa da 70, ki zauna ki ci nan take. Ki faɗa wa ɗan jagora tun a mota, domin mai faɗuwar sukari yakan rikice har ya kasa bayani. Ki ga likitanki kafin ranar, wataƙila ya rage miki allurar safiyar. Da kin dawo ki duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, ko ƙaramin rauni kika gani ki kai shi asibiti.

Ɗan jagoranmu yana da baƙin dutsen maciji, kuma ya ce ya sha rigakafi. Ya wadatar? (Ɗan kasuwa, Gangare)

Bai wadatar ba ko kaɗan, kuma wannan imani yana kashe mutane. Akwai yaron da aka taɓa kawo mini, kububuwa ta sare shi a idon sawu. An ɗaure masa cinya tamau da robar tayar keke, an tsattsaga wurin da reza, an manna dutsen, aka zauna ana jira har kwana biyu. Da ya iso, ƙafar ta kumbura ta yi baƙi, dasashinsa yana tsattsafo jini, tsagar rezar kuma ta ƙi tsayawa. Dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, to wane ne zai tsaga mai irin wannan? Muka zuba jininsa a kwalba muka jira minti 20, yana nan ruwa tsululu. Allurar kashe dafi ce ta tsayar da jinin, ɗaurin kuwa ya kusa cinye ƙafar.

Idan tsautsayi ya faɗa, a janye mutum daga wurin, a kwantar masa da hankali, a cire zobe ko agogo ko takalmi kafin kumburi, a ɗaura sanda a gefen gaɓar sako-sako don kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa mota, sai asibiti. Ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗauri, ba jiƙo, ba tsayawa neman macijin. Ko mutum ya ce ba ya jin komai a kai shi, domin jinin yakan ɓalle daga baya. Kafin ku fita ku san asibitin da yake da allurar. Kada kuma a cusa hannu cikin kogon dutse ko a taka inda ido bai gani ba.

Na saba hawa Shere, yanzu ina tara kuɗin zuwa Kilimanjaro. Jinina AS ne. (Matashi, Gwarimpa, Abuja)

Ɗana, ƙololuwar Shere kusan mita 1,829 ce, Kilimanjaro ta Tanzaniya kuwa mita 5,895. Ciwon tsauni, wanda ƙarancin iska a can sama yake kawowa, yana farawa ne daga wajen mita 2,500, wato sama da Chappal Waddi ta Taraba, wadda ta fi ko'ina tsawo a Najeriya. Ƙarfin ƙafa ba ya kare mutum daga gare shi, hawa a hankali ne yake karewa, don haka tsarin kwana 7 ko 8 ya fi na kwana 5 ko da ya fi tsada. Mai AS lafiyarsa ƙalau a nan ƙasa, amma inda iska ta yi ƙaranci, ga rashin ruwa a jiki, saifarsa tana iya samun matsala. Ciwo mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu yana nufin a sauko nan take a nemi asibiti. Ka zauna da likita kafin ka biya ko sisi, ka kuma tanadi katin rigakafin shawara. Mai SS kuwa ba na ba shi shawarar zuwa sam.

Bayan mun sauko mukan yi wanka a kududdufin da ke kusa. Akwai laifi? (Ɗalibi, Farar Gada)

Akwai. Yawancinsu tsofaffin ramukan haƙar kuza ne, bakinsu ba zurfi amma taku biyu sai rami, ruwan ga sanyi, kuma sun ci rayuka da yawa a Filato. Ruwan kwance kuma yana iya ba ka tsargiya. Idan ka taɓa ganin jini a fitsari, ka je a gwada ka.

Ina da niyyar aikin Hajji, gwiwoyina kuma suna ciwo. In bi yarana hawan dutse don in saba? (Hajiya, Nasarawa Gwom)

Hajiya, Allah ya nufa. Dutse ba naki ba ne, saukowa ta fi hawa cin gwiwa. Abin da za ki tarar a can doguwar tafiya ce a shimfiɗe, sa'ayi kaɗai ya haura kilomita 3. Ki fara da minti 15 bayan la'asar da takalmi mai taushi, kina ƙara minti biyar duk mako. Idan gwiwar ta kumbura, ta yi zafi, ko tana sarewa, ki daina ki zo a duba ta, kuma kada ki yarda a yi miki allurar ciwon jiki a kemis.